Tirelar Uku-da-Biyu

"Sauko! Hannu sama!"

Dub Yancey ne ya buga ƙofar tirelar da gindin bindiga. Ƙarfe bakwai na safe, a bayan wani gidan mai, mil huɗu da tsallako gadar Texas zuwa Oklahoma. Direban, wani dattijo mai suna Cletis, ya sauko riƙe da kofi. Ya dubi bindigar, ya waiwayi kayansa.

"Samari, ku tsaya. Giyar nan fa ba—"

Dub ya liƙe masa baki da salatif, ya ɗaure shi, ya cusa shi bayan kujera. Yayana Royce ya haye mazaunin direba, ya ba ta wuta.

Royce gwanin tuƙi ne, amma sau biyu yana shiga gidan yari. Alƙali ya gaya masa ƙarara cewa a na uku sai dai a fito da gawarsa. Wata takwas yana kwana a falona, yana aikin faci lafiya lau, har Dub ya zo da shegiyar dabararsa.

A jiharmu ta Oklahoma, a wancan zamani, doka ta raba giya gida biyu. Wadda ƙarfinta bai wuce kashi uku da ɗigo biyu cikin ɗari ba, ita muke kira uku-da-biyu. Doka ma ba ta ɗauke ta abu mai sa maye ba, kowane gidan mai na sayar da ita da sanyinta. Mai ƙarfin kuwa, mai kashi shida da muke kira 'yar shida, sai a kantin barasa, kuma da ɗuminta, don an hana su sa ta a firji. Shi ya sa mutanenmu ke ƙona mai zuwa Texas kowace Juma'a, inda ake samun 'yar shida ko'ina da sanyinta. Dub ya ce a sato tirela guda ta Texas, Verna mai mashaya a bakin tafki za ta saye, ta riƙa sayarwa a ɓoye.

A hanya Cletis ya yi ta gunji yana shure-shure.

"Oga, tsohon nan magana yake son yi," in ji Royce.

"Addu'a yake. Tuƙa kawai."

Da hantsi kamfanin ya buga wa ɗan sanda Harjo waya cewa tirelarsu ta ɓata. Ya tambayi inda za ta sauke kaya, aka ce gidajen mai da kantunan abinci na nan jihar. Ya ajiye wayar, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"An yi fashin uku-da-biyu da bindiga," ya ce wa abokan aikinsa. "Ba mai saye a wajensu. Ku zuba ido, ɗayansu zai neme mu."

A wani tsohon rumbun ciyawa suka ɓoye tirelar. Verna ta iso da rana tsaka. Ta farke katan ɗaya, ta zaro gwangwani, ta karkata murfinsa wajen haske. Ta fasa, ta kurɓa, ta tofar daf da takalmin Dub.

"Dub, anya a jihar nan aka haife ka?"

"Daga Texas ta fito! Tun daga ƙofar kamfani nake bin ta."

"To a ina kake zaton ake dafa tamu, sakarai? Can suke yin duka biyun, gwangwani iri ɗaya. Murfi ake dubawa, ga shi nan a rubuce. Wannan ai ko ni ina da ita maƙil a sito."

Ta shiga motarta ta yi gaba. Royce ya ɓare salatif daga bakin Cletis.

"Tun safe abin da nake son gaya muku ke nan," in ji tsohon.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Shekara goma sha ɗaya ina jera gwangwanayen nan a firjin gidan man da nake aiki. Ana gobe fashin ma Royce ya ci abinci a teburina. Tambaya ɗaya zai yi mini, amma bai yi ba.

Dub ya yi ta kai-komo, sannan ya miƙa wa Royce bindigar.

"Riƙe nan, ka kula da tsoho. Ina da mutum a Kansas."

"Kansas ma dokarsu ke nan," in ji Cletis.

"Rufe mini baki!"

Dub ya figi a-kori-kurarsa da ya ajiye tun farko a bayan rumbun. A rumfar wayar farko ya tsaya, don dama yana da wata shari'ar da ke jiransa, yana neman sassauci.

"Harjo? Royce Tackett kake nema. Yana rumbun ciyawa, hanyar tafki. Bindigar na hannunsa."

Da awa guda ta wuce, Royce ya gane Dub ba zai dawo ba. Ba mota sai tirelar da duk jihar ke nema. Ya kwance Cletis, ya ajiye bindigar a ƙasa, ya zauna a kan katan.

"Baba, tafi abinka. Ni dai ba na so su same ni cikin hayyacina."

Ya fasa ɗaya. Ya fasa ta biyu. Cletis bai tafi ba, ya zauna yana miƙo masa.

Jiniya — ƙura — motoci uku a ƙofar rumbu! Harjo ya shigo da bindiga a ɗage, ya tarar da gwangwanaye tara a zube. Royce ya miƙe tsaf, ya taka zuwa mota ko tangaɗi babu.

"Ka bugu?" in ji Harjo.

"Ina fa. Fitsari kawai nake ji."

Dub bai kwana ko ɗaya a tsare ba, ana cewa yana sayar da tsofaffin motoci a Arkansas. Royce ya samu ɗaurin rai da rai. Shekara ashirin da biyar ina kai masa ziyara, sannan aka kira ni in je in karɓi gawarsa.

Bayan shekara biyu aka sauya dokar. Motar farko da ta kawo 'yar shida gidan manmu, ni na jera ta a firji da hannuna, da sanyinta, kowa na iya shigowa ya saya. Duk gwangwanin da na ɗauka sai na karkata murfinsa na duba.