Rigar da Aka Yanka da Awon Wata

Hannun rigar ya wuce yatsun Auta, kafaɗar kuma ta matse ta har numfashi na yi mata wuya. Ta tsaya gaban madubi zuciyarta na tafasa. Rigar aurenta ce, kuma angon da kansa, Tela, ya ɗinka.

Yayarta ce ta fara ganewa. Ta san tsohuwar matar Tela, doguwa siririya, wadda ta bar shi ta auri wani. Awonta ne sak.

Mama ta ce a kai wa wani ya gyara a ɓoye, wai namiji ba ya son a taɓo masa inda ke ciwo. Yaya ta ce a fasa auren kawai. Auta ta lura babu wadda ta ce a tambayi mutumin, ita kuwa wannan rufa-rufar ce ta ishe ta.

Ta ninke rigar ta nufi shago.

Tela yana kan keken ɗinki kamar kullum. Tun da matar ta tafi ya binne kansa a cikin ɗinki, kowa ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Auta ta shimfiɗa rigar a teburin yanka, ta miƙa hannunta kusa da hannun rigar.

Ƙafarsa ta tsaya cak.

Ya fara kame-kame, wai yadin ne mai santsi, wai aiki ya yi yawa.

"Tun farko na kawo maka tsohuwar rigata ka gwada da ita. Ka ko buɗe ta?"

"Ban buɗe ba..." Ya dubi rigar. "Hannuna ne ya yanka abin da ya saba. Wallahi ban sani ba, Autata."

"Kana son tsohuwar matarka har yanzu?"

"Ba na son ta dawo. Amma ban taɓa zama na ji zafin tafiyarta ba. Abokaina cewa suka yi ni namiji ne, in sake aure in manta."

"Ashe ni magani aka rubuta maka."

"Da farko, e..." Ya kasa ɗago kai. "Yanzu kuwa in kika fita ƙofar nan, ba na jin zan iya cewa lafiya lau."

Ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta ture tarin ƙyallaye daga kan benci ta zauna, ta ce ya faɗa mata duka, kada ya rage.

Ya faɗa, yana sarƙewa, yana goge ido da bayan hannu. Wasu maganganun sun soke ta, amma ba ta tashi ba.

Da ya gama ya tambaye ta a tsorace ko auren na nan.

"Yana nan. Amma riga kam, Malam Tela, maƙwabcinka mai ɗinki zan kai wa."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba.