Ruwan Gwajin Sansa

Da la'asar sakaliya Kellu, mai sayar da busasshen kifi a Baga Road, ta sa aka turo motarta garejin Garzali a Moduganari. Kukanta ɗaya: da inji ya ɗau zafi sai motar ta mutu, ba ta tashi sai ta huce.

Garzali Bakano ne mai ji da kansa, ba a gaya masa magana a kan aikinsa. Mutum ɗaya ce ke juya shi a duniya, 'yarsa Siddiƙa, wadda ya samu bayan ya fid da rai da haihuwa.

Ya murza makulli. Inji na juyawa, allurar da ke nuna juyinsa kuwa ko motsi.

"Sansar kiranshaf ce, Ya Kellu. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota inji na juyawa. In ta ji zafi sai ta yi shiru."

Ya ciro ta, 'yar baƙar aba kamar ɗan yatsa. Ya tafasa ruwa a gwangwani, ya jona mata mita, ya tsoma ta. Ba a jima ba mita ta ɗauke. Ya yi dariyar wanda ya kama ɓarawo. Ana kiran magariba ya watsa ruwan a gindin dalbejiyar bayan gareji.

Kellu ta ce, "Malam Garzali! Ruwan zafi da magariba, ko bismilla babu? Akwai masu wurin fa!"

"To su matsa mana," in ji shi.

Wani abu ya tsanyara ƙara a gindin bishiyar, siririya, sau ɗaya. Kellu ta ja lafayarta ta bar wurin, ko sallama ba ta yi ba.

Ya ɗaura sabuwar sansa, ya fita gwaji a hanyar bayan unguwa. Inda gidaje suka ƙare, motar ta mutu.

Ya murza makulli. Allura ko motsi.

Ƙarnin kifin da ya kama motar ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na kazar da aka tsoma a tafasasshen ruwa za a fige.

Kujerar baya ta yi ƙara, kamar an zauna.

Ta madubi ya ga mace, doguwa, kanta a sunkuye saboda rufin motar. A cinyarta akwai jariri, fatarsa ta saɓule. Ba ya kuka.

"Maigida," ta ce a hankali, "yaya ka gane abin nan ya lalace?"

Ya ce, "Na... na sa shi a ruwan zafi."

"Sai me?"

"Sai ya yi shiru."

"Nawa ma ya yi shiru."

Ya lalubi addu'a, harshensa ya ƙi. Ya ce ta yi masa rai, bai gan su ba.

"Ka ce mu matsa." Numfashinta ya taɓa ƙeyarsa, zafi kamar bakin lagireto. "Ba kai zan taɓa ba. Ni ma gwaji zan yi."

Motar ta tashi da kanta.

Ko takalmi bai cire ba ya faɗa gida. Ya tarar da Halimatu, matarsa, tana jijjiga Siddiƙa a bakin murhu. Yarinyar ba ƙuna a jikinta ko kaɗan. Idonta a buɗe, ƙirjinta na bugawa, amma ba ta san kowa ba. Sai da aka jiƙa ta da ruwan randa ta ce, "Baba."

Motar Kellu ba ta sake mutuwa ba. Siddiƙa kuwa, da jikinta ya ɗau zafi, ko guje-guje ta yi ko rana ta taɓa ta, sai ta ɗauke. An je asibiti, an je wajen malamai. Kowane karo tana daɗewa kafin ta dawo.

Garzali ya daina zuwa gareji. Yana zaune gefenta da jiƙaƙƙen tsumma, yana kallon sama, shi da ya fi kowa sanin ƙarshen abin da zafi ke kashewa.

Sanyi ya soma ja da baya, bazarar Maiduguri tana tafe.