Wace Ce Mohua Sen?

A titin College Street suka haɗu, a rumfar tsofaffin littattafai, hannunsu ya sauka tare a kan wata tsohuwar mujalla. Jhilam ta ƙi saki. Arko ma ya ƙi, har sai da ya kalli idonta.

"Ɗauki," ya ce. "Amma ki sha shayi da ni, in karanta ko shafi ɗaya ne."

Shafi ɗayan nan bai ƙare ba har damina ta wuce. Arko editan wata 'yar mujalla ne ta ƙagaggun labaran kimiyya, irin na tafiya duniyar Mars da mutum-mutumi mai hawaye. Jhilam ta so shi, ta so mujallar. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya: Mohua Sen.

Marubuciyar ba ta taɓa leƙo ofis ba, ta imel take turo labari, amma kullum ita ce a shafin farko. Arko kuwa, bawan Allah, bai san inda ake yin shiru ba.

"Tauraruwata, kin ga yadda Mohua ta rufe labarin nan? Matar nan ta san zuciyata."

Jhilam ta dangwarar da kofi ta tafi. Kishi ya ci ta, ta turo saƙo: "Tunda ta san zuciyarka, ta zo ta dafa maka kifi. In labarinta ya fito a mujallar bikin Puja, ni da kai mun rabu. Ko ni ko ita."

Ya amsa: "'Yar rigimata, ban ma taɓa ganin ta ba! Amma ke na zaɓa."

Da ciwon rai ya mayar wa Mohua labarinta, ya ce babu gurbi.

A makon ne iyayensa suka zo neman aure da kwalin alewar madara ta sandesh. Mahaifin Jhilam, Nirmal, tsohon malamin lissafi da ba ya ɗaga murya, ya ƙi ko taɓa kwalin.

"Ba zan ba wannan yaron 'yata ba. Bai san abu mai kyau ba in ya gan shi."

Jhilam ta shige kicin tana kuka. Mahaifiyarta, da take kira Ma, na soya kifi, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ma, me Arko ya yi wa Baba?"

"Ya dawo masa da labari. Kwana biyu mutumin nan bai ci shinkafa ba."

"Wane labari?"

"Ke dai sakarya ce. Tun kafin a haife ki, wani edita ya ce jerin marubutansa duk gardawa ne, a samo masa sunan mace. Babanki ya zama Mohua Sen. Kunyar ɗalibansa ta hana shi komawa sunansa."

Jhilam ta zauna daɓas a ƙasa. Duk rashin barcin nan, ashe da mai sanƙo da tabarau take kishi!

Ta je ta durƙusa ta taɓa ƙafar babanta. "Baba, ni na sa shi. Kullum cewa yake Mohua ta san zuciyarsa."

Tsohon ya cire tabarau. "Haka ya ce? Da bakinsa?"

"Har ya ishe ni."

"To, yaron yana da hankali. Kira shi."

Labarin ya fito a shafin farko, da sunan Nirmal Ghoshal ɓaro-ɓaro. A watan sanyi aka busa ƙahon kodi na ɗaurin aure, Arko ya shafa wa Jhilam jan gari a tsagar gashi, alamar ta zama matarsa, Baba ya dafa kawunansu ya sa albarka.

Ana gamawa ta nemi ango ta rasa. Can ta hango shi a ƙuryar rumfa da surukinsa, kai a haɗe, suna gardamar ƙarshen sabon labari. Ta tattare jan sarinta ta tsaya a kansu.

"Mohua," ta ce wa babanta, "yau dai ki bar min shi."