Inna a Rumfar Kwakwa

Rana ta kusa faɗuwa Pasingan ya ɗauki addarsa zai tafi rumfar da yake busar da kwakwa, wai zai ƙara wa wuta ɓawo. Yayarsa Sialis na gindin murhu tana feraye gwaza. Ta rame har rigarta na zamewa daga kafaɗa.

"Kai da rumfar nan kamar a can aka binne cibiyarka," ta ce. "Ko mata ka ɓoye ne ba mu sani ba?"

Ya yi dariyar yaƙe.

Sai ta rage murya. "Jiya ma na ji. Tarin Inna, a bayan ɗakina. Ƙanena, shekara biyu ina juya ta, ina wanke ta. Me na rage mata da ta ƙi tafiya?"

"Iska ce, Yaya. Ki daure ki ci abinci."

Ya fita da sauri, don ya san ba iska ba ce.

Wata huɗu ke nan da aka yi malagan, bikin sallamar matattu. Mutum biyar aka sallama rana ɗaya, Inna ce ta biyar. An gasa aladu, an yi rawa, masassaƙi ya fito da sassaƙar kowane mamaci da ja da baƙi da fari, ya danna musu idanu na murfin dodon koɗin teku. Da zarar an sa idon nan, kurwar mamaci ta shiga icen. Washegari kuma dangi su kai sassaƙar kurmin bayan makabarta su yar, ruwa da gara su ci, kurwa ta samu hanya. Wannan ko yaron goye ya sani.

Pasingan aka ba sassaƙar Inna ya kai, bai kuwa kai ba.

Lokacin da take jinya yana wani tsibiri wurin haƙar zinariya. Sau uku tana aikawa a kira shi, sau uku yana cewa sai ƙarshen wata. Da ya iso har ciyawa ta fara tsirowa a kabarinta. To ga ta an ɗora masa a kafaɗa, an ce ya je ya yar. Ya kasa. Ya ratse hanya, ya naɗe ta a buhu, ya cusa a saman rumfa inda hayaƙi zai kore gara, da yake ba mai shiga kurmin ya duba. Kullum da yamma sai ya sauko da ita yana ba ta haƙuri. Shi a ganinsa biyayya yake yi, ihu bayan hari. Yana kallon yayarsa tana ƙarewa da zargin kanta, kunya ta ɗaure masa baki.

Hanyar rumfar ta bi ta cikin gonar kwakwa. Kullum a wannan lokaci jemagu ke fita da hayaniya, teku kuma na rugugi daga hagu. Yau ba jemage ko ɗaya. Da ya ƙara gaba, ƙarar tekun ma ta ɗauke, kamar an toshe masa kunne.

Babu hayaƙi a kan rumfar. Wutar da ya bari da rana ta mutu murus, tokar har da sanyi.

Sai wari ya tare shi. Akwai man kwakwar da Inna ke shafawa, akwai goron buwai da take taunawa. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani wari mai nauyi da bai taɓa shaƙa ba, amma jikinsa ya gaya masa na ɗakin jinya ne, ɗakin da bai shiga ba.

Ƙwas. Ƙwas.

Haka Inna ke ƙwanƙwasa tsinke a bakin ƙoƙon farar hodarta kafin ta tauna goro.

Buhun na ƙasa, a ninke tsaf. Sassaƙar na tsaye a tsakiyar rumfa, korayen idanun na kallon ƙofa.

"Inna?"

Aka yi tari a bayansa. Ya waiwaya.

Sassaƙar sauran mamatan ce, su huɗu, a jere tsakanin itatuwan kwakwa. Ruwa ya wanke launinsu, gansakuka ta rufe su, gara ta cinye wa ɗaya rabin fuska. Ƙasar da ke ƙafafunsu jiƙaƙƙiya ce, ta kurmi.

"Ɗan nan, ka tsayar da mu a hanya." Muryar tsoho Lengmat ce, wanda aka sallama tare da Inna. "Mu biyar aka sallama. Kwalekwalen matattu ba ya tashi da huɗu."

Pasingan bai san sa'ad da ya sungumi sassaƙar ba. Icen da ɗumi. Da can da hannu ɗaya yake ɗagawa, yanzu sai da ya goya, nauyin mutum sosai.

Ya kama hanyar kurmi. A bayansa busasshen ganye na ƙara, takun su huɗun, ba gaggawa.

Numfashi ya sauka a ƙeyarsa.

"Inna, ki yafe mini. Da na sani da na zo."

"Wancan na yafe tun ina da rai," aka raɗa masa. "Wata huɗun nan ne ban yafe ba."

Ya ci gaba da tafiya.

"Ka san abin da ya sa nake tari a bayan ɗakin yayarka? Ita ce in na kira take zuwa."

Duhu ya fara rufe kurmin da ya isa. Ya durƙusa ya sauke ta a kan ruɓaɓɓun itatuwa. Ya ja hannunsa.

Bai fito ba. Yatsunsa sun maƙale a cikin hudojin sassaƙar, icen kuma na matsewa.

"Tunda ba ka iya rabuwa da ni, zo mu tafi. Akwai wuri."

Wani wuri kusa, inda ba ruwa, ya ji ƙarar tsoma filafilin kwalekwale.

Huɗun suka matso.

Ya dafa ƙafa a ƙirjin sassaƙar, ƙirjin uwarsa, ya fizga da iya ƙarfinsa. Wani abu ya ɓalle. Ya ruga, ƙaya na yagarsa, bai tsaya ba sai da ya ji rugugin teku ya dawo.

A gida ya ce adda ce ta cire masa yatsu biyu. Sialis ta ɗaure masa hannun tana yi masa faɗan ganganci.

Daga ranar ba a sake jin tarin ba. Pasingan ya bar wa wani ɗan uwansu rumfar, ba ya ko bin hanyar. Sialis ta koma cin abinci, kumatunta suka ciko. Wata safiya tana canza masa tsumman ciwon sai ta ɗago, ido cike da ƙwalla, tana murmushi.

"Ka ga ta tafi, ƙanena. Har yau ban san laifin da na yi mata ba, amma ashe ta yafe mini."

Ya buɗe baki. Ya dubi hannunsa a cikin nata.

"Ta yafe miki, Yaya," ya ce.