Kwalta a Farcen Inusa

Ranar wata Talata, cikin bazarar shekarar 1995, da hantsi, wani mai amalanken jaki ya shigo komisariyar Madarunfa, wato ofishin 'yan sanda, yana haki. Ya ce ya ga mutum kwance a gindin tsamiya, gefen hanyar Gabi, ya yi masa sallama sau uku bai amsa ba.

Sufeto Al'amin Gado ya ɗauki mataimakinsa, Birgadiye Salisu, suka nufi wurin.

Mamacin magidanci ne, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Babu jini, babu sara, babu alamar duka. Abin da ya tsayar da Sufeto shi ne yadda aka kwantar da shi: bisa gefen dama, fuskarsa tana duban alƙibla, an rufe masa idanu, an lulluɓe shi da mayafi mai tsabta, takalmansa a jere kusa da ƙafafunsa.

"Shef, aikin 'yan fashi ne," in ji Salisu.

"Ɗan fashi ba ya da lokacin neman gabas, Salisu."

Sufeto ya durƙusa ya ɗaga hannun mamacin, sai ya yi salati. Faratansa duk sun kakkarye. A ƙarƙashinsu akwai baƙar kwalta, da ɓurɓushin soso ruwan ɗorawa, da zaren buhu.

Kafin azahar labari ya gama gari. Wata dattijuwa, Hajiya Hafsatu, ta iso asibiti tare da babban ɗanta Usman, direban Pijo 504 mai jigila tsakanin Madarunfa da kasuwannin Nijeriya. Da aka yaye mayafin ta dafa bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inusa ne. Jiya da safe na sallame shi zai tafi ci-rani."

Likita ya ja Sufeto gefe, ya shaida masa cewa zafi da rashin iska ne suka kashe mutumin, kamar wanda aka kulle a wuri matsattse.

Sufeto ya dubi Usman. "Kai ka ɗauke shi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Motata ta cika. A tasha na bar shi, ya ce zai bi ta baya."

"Motar wa?"

"Ban tsaya na gani ba."

Usman bai dubi gawar ba ko sau ɗaya, ƙasa kawai yake kallo. Hajiya ta riƙo hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, malamai sun ce bayan la'asar za a kai shi. Ina roƙonka, kada a rufe mani yaro ban san wanda ya yi mashi wannan ba. Manomi ne, ko kaza bai taɓa zalunta ba."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

A waje Sufeto ya buɗe takardar da ya ƙunshe ɓurɓushin. Salisu ya shinshina, ya ce mutum ɗaya ne a garin yake haɗa soso da kwalta a sana'arsa: Sule mai ɗinkin kujerun mota, a bayan tasha.

Sun iske Sule a rumfarsa, tukunyar kwalta tana tafasa bisa murhu. Ƙofar wata mota tana jingine, an cire mata marfin ciki.

"Wannan fa?" Sufeto ya tambaya.

Sule ya washe baki, don yana son a tambaye shi aikinsa. "Toshe ƙara ke nan, yallaɓai. Direba ya sayo rediyo mai kaset da lasifika huɗu, ya hau hanyar nan tamu mai gargada, mi zai ji? Ƙarfe yana kuka, tsakuwa tana ruwa, salansa yana tari. Sai in shafe ƙarfen da kwalta, in manna buhun algarara, in bi da soso, in liƙe kowace kafa da roba. In na gama, ko jaki ya yi kuka a kunnen gilashi ba ka ji."

"Har da but na bayan mota kake liƙewa?"

"But ai shi ne gangar lasifikan baya. In iska tana fita, sauti ya zube." Sai fara'arsa ta ragu. "Amma ni bana ban yi wa kowa but ba."

Sufeto ya nuna wani sabon falle na soso a kan benci. An yanke masa kusurwa guda, wuƙar tana kai.

"Wa aka yankar wa wannan?"

"Kujera ce."

"Malam Sule, akwai gawa a asibiti da kwaltarka a farcenta. Ko ka faɗa mani nan, ko ka faɗa wa alƙali a Maraɗi."

Ludayin kwalta ya suɓuce daga hannun Sule. "Gawa? La ilaha illallah! Wallahi yallaɓai, mota ɗaya ce na yi wa but, makon jiya. Yau bayan asuba mai ita ya zo ya ce akuya ya ɗauko, ta yayyage soson ciki, in ba shi ƙyalle ya liƙe da kansa. Ya ce kada in faɗa wa kowa, direbobi za su yi mashi dariya."

"Wane ne?"

"Usman ɗan Hajiya Hafsatu."

Salisu ya dafe kai. Sufeto ya juya ya nufi motarsu.

A ƙofar gidan Hajiya an shimfiɗa tabarmi, maza suna zaune suna jiran gawa. Pijon tana ƙarƙashin dalbejiya, an wanke ta fes. Sufeto ya yi ta'aziyya, sannan ya nemi Usman ya ba shi makulli.

"Yallaɓai, yau ranar makoki ce."

"Na sani. Buɗe but."

Ciki baƙi ƙirin, an liƙe shi ko'ina, babu kafar da allura za ta shiga. A jikin bayan kujera akwai sabon faci. Sufeto ya cire hularsa ya miƙa wa Salisu.

"Zan shiga. Ka rufe ni, ka zauna gaba tare da shi, ku ɗaga gilashi, ku kunna kaset. Minti biyu cif, ka buɗe."

"Shef!"

"Yi abin da na ce."

Da marfin ya rufu, duhu da zafi suka danne shi lokaci guda. Warin kwalta ya cika masa ƙirji. Ya daki bayan kujera da dunƙulen hannu, hannun ya nutse cikin soso. Ya daki marfi da ƙafa. Ya ƙwala kiran Salisu har maƙogwaronsa ya yi zafi. Ya ja facin nan ya ɓalle, yatsunsa suka faɗa cikin wasu ramuka dogaye guda huɗu, daidai da yatsun mutum. Ya kama salati.

Da aka buɗe ya fito jiƙe sharkaf, yana numfashi da ƙyar.

"Salisu, ka ji ni?"

"Ji, Shef? Ai na ɗauka kwanciya kawai ka yi."

"Na yi duka, na yi ihu." Ya ɗaga facin sama, ya juya ga Usman. "Akuyarka yatsu gare ta?"

Mutane suka miƙe daga tabarmi. Hajiya Hafsatu ta fito bakin zaure, carbi a hannunta. Usman ya zube a gindin taya.

"Inusa ba shi da katin shaida," ya ce. "Shekara shida ke nan haka muke yi. In mun kusa shingen bincike na bakin iyaka sai ya shiga but, in mun wuce in fito da shi. Da can but ɗin duk huji ne, tsatsa ta cinye, iska tana shiga. In ya gaji ya ƙwanƙwasa bayan kujera, ni kuma in buga ƙofa, ya san na ji."

"Jiya fa?"

"Jiya layi ya yi tsawo. Awa biyu muna tsaye cikin rana. Fasinja suna ta yaba sautin, wani ya ce a ƙaro, na ƙaro. Ina ta saurare, ban ji bugu ba. Na ce a raina, yau Inusa ya samu katifa, barci ya yi." Ya rufe fuska da hannuwa. "Wallahi ban tuna aikin Sule ba. Ni na sa a liƙe, ni na tsaya a kansa har aka toshe hujin ƙarshe."

"Da ka buɗe ka gan shi, me ya hana ka kawo shi gida?"

"Da wane ido zan dubi Inna?"

"Shi ne ka bar ɗan'uwanka a daji, ka wanke mota, ka tsaya gaban gawarsa ka yi ƙarya."

Wani tsoho a cikin masu makoki yana ta maimaita innalillahi a hankali.

Hajiya ta tako har gaban motar. Ta leƙa cikin but, ta sa hannu ta shafa ramukan nan huɗu, ta daɗe tana shafawa. Usman ɗanta ne na fari, kuma tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, saboda kunya.

"Usman," ta ce.

Ya ɗago kai a firgice.

"Ya kira ka?"

"Ban ji ba, Inna."

"Na san ba ka ji ba. Cewa na yi, ya kira ka?"

Usman ya sunkuyar da kai. Ta juya ga Sufeto, idanunta a bushe.

"Ɗana, ka cika alkawari, Allah ya saka maka. Abu ɗaya ya rage. Ka bari ya sallaci ƙanensa, sannan ka tafi da shi."

Sufeto ya dubi agogonsa, ya dubi ankwar da ke hannun Salisu, ya gyaɗa kai.

Bayan la'asar aka yi sallar gawa. Usman ya tsaya a sahun farko, Sufeto a damansa, Birgadiye a hagunsa. Da liman ya yi sallama aka ɗaga makara aka nufi maƙabarta, jama'a suka bi ta gabas. Su uku suka juya yamma, suka kama hanyar komisariya.