Ƙarshen Basamuden Ƙarfe

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo tsakar gidan Balarabe a unguwar Anbariyya ta Madina. Matarsa Fatna tana tace shayi, 'yarsu Sundus tana kwashe wanki daga igiya, shi kuwa shigowarsa ke nan daga shagon dabino, ko takalmi bai cire ba. Baƙin dutse ne mai ramuka-ramuka, irin na bayan garin Madina. Ya mirgina a hankali ya tsaya a gindin matakalar da ke hawa ɗakin sama. Balarabe ya leƙa waje yana sababi da yaran maƙwabta, ya tarar da lungun wayam, ko kyanwa babu.

Washegari haka, jibi ma haka. Da rana ta yi ja, gari ya yi tsit, sai duwatsu su fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, duk a gindin matakalar nan. Daga baya tsohon talabijin na ɗakin sama ya soma kunna kansa, ba hoto, ba magana, sai shuuu.

Ɗakin na Ƙaltume ne, mahaifiyar Balarabe, wadda ta rasu watannin baya. Daga Chadi ta zo tun da ƙuruciyarta, ta tsufa a Madina, amma Larabcinta bai wuce na salla da cefane ba. Jikanta Suhaib, yayan Sundus, shi ne abokin hirarta. Kullum da yamma sai ya hau sama ya kunna wani katun na Japan da aka mayar Larabci, labarin wani yaro maraya da ke shiga cikin ƙaton mutum-mutumin ƙarfe yana yaƙi da maharan sararin samaniya. Tsohuwa ta sa wa abin suna Basamude. Suhaib na kallo yana fassara mata da Hausa, ita kuma tana tafa hannu tana cewa, "Kai, ɗan nan zai kashe kansa!"

Abin da ke ci wa Balarabe rai ke nan. A ƙasa, ka yi wa yaron Hausa ya amsa maka da Larabci, shi da ƙanwarsa duka. Ya yi faɗan, ya yi lallashin, a banza. Amma a kan wannan shirmen zanen sai bakinsa ya buɗe kamar rediyo. Tun rasuwar tsohuwa kuwa ko Larabcin ma ya ƙafe. Yaro ya daina hawa sama, bai yi kuka a gaban kowa ba, muryarsa ta fara fashewa irin ta masu balaga, ya zama daga "aiwa" sai "la", wato i ko a'a. Balarabe yana kallonsa takaici kamar ya kashe shi.

Ranar wata Alhamis Sundus ta hau sama ɗauko tabarma, ana tsakiyar kiran salla. Shiru ba ta sauko ba. Fatna ta bi ta, ta same ta zaune a gaban talabijin ɗin, ta tanƙwashe ƙafa, idanu a kafe.

"Abu Suhaib! Zo ka ga yarinyar nan!"

Ba ta ci, ba ta magana, in an ɗaga ta daga wurin sai ta sandare kamar itace. An kai ta mustashfa, likita ya ce bai ga komai ba. An kira wani mai ruƙiyya cikin Larabawan garin, ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ya yi ta tambaya da Larabci, "Wane ne kai? Me kake so?" Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Yarinya tana ta ramewa a gabansu, Fatna ta yi kuka har ta gaji.

Sai aka ba su labarin Malam Ja'afaru, wani dattijo Bahaushen Sudan. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya yi karatunsa a natse har inuwa ta cinye tsakar gida. Da ya shafa, bai ɗaga murya ba. Da Hausa ya ce, "To, bawan Allah, mun gaishe ka. Me yarinyar nan ta yi maka?"

Sundus ta juyo da kai a hankali. Muryar da ta fito siririya ce, ta yaro, amma Hausar tsofaffi ce tsantsa.

"Sai yau aka samu mai hankali. Ba ta yi mini kome ba. Na yi jifa har hannuna ya gaji, ba wanda ya hawo sai ita."

Balarabe ya zuba mata ido. Shekara da shekaru yana roƙon 'yarsa ta yi masa Hausa, yau ga shi ta yi, kuma ba ita ba ce.

"Daga ina kake?" in ji Malam.

"Cikin kayan Ƙaltume na biyo. A kusurwar can nake zaune, ban taɓa cutar kowa ba. Tare muke jin labarin Basamude, ni da ita. Saura kashi na ƙarshe ta tafi, yaron kuma ya ɗauke ƙafa. Haka ake yi? A kai mutum bakin ƙarshe a bar shi?"

Balarabe ya miƙe tsaye. "Katun? Saboda katun ka hana 'yata abinci? Innalillahi! Suhaib, kunna masa a waya ya kalla ya ba mu wuri!"

"Ba na jin Larabcinsu," muryar ta ce. "Shi zai faɗa, yadda yake faɗa mata."

Malam Ja'afaru ya ce, "In ya faɗa, za ka fita yanzu. Ba jifa, ba talabijin, ba ka ƙara taɓa kowa a gidan nan. Ka yi alkawari da Wanda ya halicce mu da ku."

"Na yi."

Duk suka juya ga Suhaib, wanda ke raɓe a matakala. Ya sunkuyar da kai ya ce da Larabci ba zai iya ba.

"Ba za ka iya ba? Ƙanwarka na mutuwa kana ce mini ba za ka iya ba? Wane irin taurin zuciya ne wannan!"

Malam ya ɗaga wa uban hannu. "Balarabe, zauna." Ya dubi yaron. "Ɗana, ka kalli na ƙarshen?"

Suhaib ya gyaɗa kai. Ya kalle shi shi kaɗai bayan an binne kakarsa, ya juya zai faɗa, babu kowa a kan tabarmar.

Daga nesa aka fara kiran salla. Sannan Suhaib ya tako ya zauna inda ya saba zama, ya buɗe baki, muryar na karyewa tana haɗuwa.

"Kaka... Basamuden nan muryar yaro kawai yake ji. Yaron ya girma, muryarsa ta canza. Ana cikin yaƙi ya kira shi, bai amsa ba. Ya yi ta kira, ya yi ta bugun ƙarfen, bai amsa ba. Sai ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya ga ashe mutanen gari sun fito suna yaƙin da kansu. Ya shiga cikinsu da ƙafarsa. Suka ci."

"Basamuden fa?" muryar ta tambaya.

"Yana tsaye a wurin. Ciyawa ta fito masa a kafaɗa."

"Yaron bai koma ciki ba?"

Nan kukan da ya riƙe wata da watanni ya ƙwace masa. "Bai koma ba. Yana zuwa dai ya zauna a gindinsa."

"Ayya," muryar ta ce a hankali. "Da ta ji wannan da ta yi kuka. To, na tafi."

Sundus ta yi atishawa, ta dubi uwarta, ta ce da Larabci ƙishirwa take ji. Fatna ta rungume ta tana hamdala. Talabijin ya mutu da kansa.

Da aka dawo masallaci, aka sallami Malam, Balarabe ya tarar da ɗansa zaune shi kaɗai a ɗakin sama. Ya tsaya a ƙofa yana ta neman faɗan da zai yi, bai samu ba. Sai ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarmar mahaifiyarsa.

"Ni fa ban ji farkon ba," ya ce.

Suhaib ya share hanci da bayan hannu. "Yana da tsawo, Baba."

"Ina zan je?"