Mai Famfo da Kariyar Abba

Ranar da bututun bayan kicin ya fashe, Auta ce ta buɗe ƙofa, zaninta a jiƙe, fuska a murtuke. Saurayin da ke tsaye da jakar kayan aiki ya dube ta, ya dubi ruwan da ke bin ƙafafunta, ya yi murmushi.

"Ni ne mai gyaran famfo."

"Ai na gani. Tun safe muke jiranka, har mun kusa koyon iyo."

"Ashe da na ƙara jinkiri da kun ƙware."

Ta so ta harare shi, dariya ta riga ta. Ta wuce gaba yana biye, suka ratsa tsakar gida ta cikin lambun Abba.

Abban Auta tsohon direban babbar mota ne. A zamaninsa duk tafiyar da ta ratsa da shi hamada sai ya dawo da wani tsiro a gwangwani, har tukwane suka cika jikin katanga: masu ƙaya, masu kaurin ganye, masu kama da dunƙulen hannu. A tsakiyarsu kuma akwai itaciyar hamadar nan da ake kira kariya, ƙatuwa mai gindi kamar tulu, wadda ta girmi Auta a gidan. Lokacin sanyi ne, duk ta zubar da ganye, sai rassa tsirara.

Mai famfo ya tsaya ya girgiza kai. "Allah sarki. Ƙishirwa ta gama da waɗannan."

"Barci suke yi. Ka bari sanyi ya wuce ka ga ikon Allah."

Kunnensa ya ji, amma hankalinsa yana kan mai maganar.

Gyaran da bai kai ya kawo ba sai da ya ja shi har la'asar. Bayan nan kuwa famfunan gidan suka shiga uku, kullum sai ya tuno da wanda ya kamata a sake dubawa. Umma ta gane, ta yi kamar ba ta gane ba. Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa wayar Auta. Shi yana kiranta Ƙayata saboda tsiwarta mai suka kamar ƙaya, ita kuma tana kiransa Injiniya.

"Ƙayata, yau na gyara famfo a gidaje da yawa, ba wanda aka yi mini tsiwa. Duk sai na ji aikin ba daɗi."

"Injiniya, ka yi haƙuri. Ka zo gobe, na tara maka ta kwana biyu."

Auta ba mai ɓoye-ɓoye ba ce. Tana son sa, ta san tana son sa, kuma ta faɗa wa Umma ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Saura Abba, wanda ya amsa gaisuwar yaron da sakin fuska amma bai ce komai ba tukuna.

Sai tafiya ta kama Abba zuwa duba yayansa da ba shi da lafiya, ya daɗe bai dawo ba. Nan mai famfo ya ga dama ta samu ta burge suruki. Wata safiya, Auta tana makarantar da take koyarwa, ya zo da siraran bututu a kafaɗa. Umma, wadda ta daɗe tana tausayin tsirran nan, ta buɗe masa ƙofa har da sa albarka. Ya ja layi zuwa kowace tukunya, ya yi ɗan rami yadda ruwa zai riƙa ɗiga dare da rana, ya binne komai ƙarƙashin tsakuwa. Aiki ya yi kyau, ko alamarsa ba a gani. Ya roƙi Umma ta riƙe sirri, so yake Abba ya dawo ya tarar da lambu kore shar.

Abba ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya nufi lambu kamar yadda ya saba. Ya dafa gindin kariya, babban yatsansa ya nutse. Ya tona tsakuwar, ƙasa jagab, wari ya taso. Auta ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta haka ba.

"Wa ya yi wannan?"

Umma ta fara kame-kame. Kafin ta gama, mai famfo ya yi sallama da fara'arsa, ya zo karɓar yabo.

"Ni ne, Abba. Na ga sun bushe ne."

"Ka tambaye ni?"

"A'a."

"Ka tambayi yarinyar nan da aka haifa a cikinsu?"

Mai famfo ya girgiza kai.

"Tsiron hamada in yana barcin sanyi ba a ba shi ruwa, ruɓewa yake yi. Kai kuwa ka ga abu, ka yanke wa kanka abin da yake so, ka ɗura masa. Haka za ka riƙe mini 'ya? Maganarku na ajiye ta."

Ran Auta ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma ba Abba take jin haushi ba. Ta rubuta wa mai famfo:

"Kalma ɗaya da ka yi mini da duk wannan bai faru ba. Na ce maka barci suke yi."

Amsa ta zo nan take: "Kin faɗa, ban saurara ba. Ba zan kare kaina ba, Ƙayata. Gobe zan zo."

Da safe ya zo, ya durƙusa gaban Abba ya ce zai kwashe bututunsa, sannan in an yarda a koya masa yadda ake ceto abin da ya ɓata. Abba ya miƙa masa wuƙa. Suka fid da kariya daga tukunya. Abba yana nunawa, shi yana yanke ruɓaɓɓiyar saiwa har aka kai ga farin nama. Suka shafe wurin da toka, suka rataye ta a inuwa ta sha iska. Da yankan ya bushe suka mayar da ita cikin yashi da tsakuwa.

"Yanzu fa, Abba?"

"Yanzu sai ka sa mata ido. Ko ɗigo kada ya taɓa ta sai na ce. In ta tashi, ma yi magana."

Ga mutumin da sana'arsa kai ruwa inda babu, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Kullum in ya tashi aiki sai ya biyo, ya tsuguna gaban tukunya, hannuwa a aljihu.

Labari ba ya ɓuya. Ɗan aminin Abba, mai shagon sayar da wayoyi, wanda ya daɗe yana zagaye Auta, ya ji an samu ɓaraka. Sai ga shi da mota da ƙamshi, ɗauke da tsiro mai ƙaya a tukunya mai sheƙi, da jan fure a kansa. Mai famfo ya tarar da motar a ƙofar gida, ya hango Auta tana karɓar tukunyar da hannu biyu, ya juya bai shiga ba.

"Na ga baƙo, na ga kyauta. In an canza shawara ki faɗa mini da bakinki, zan iya ɗauka."

Auta ta karanta, ta yi tsaki, ta rubuta: "Injiniya, ka sake yanke hukunci ba ka tambaya ba. Abba aka kawo wa kyautar, ni miƙawa kawai na yi. Kuma Abba ya taɓa furen ya faɗo, ashe da gam aka manna shi a shago. Bawan Allah bai ma sani ba. Ni kai na zaɓa, ba na zaɓe sau biyu. Ka dawo bakin aikinka."

Sanyi ya janye, bazara ta kunno kai, lambun Abba ya farka. Masu ƙaya suka fid da toho jajaye a gefensu, wani ɗan dunƙule da ba wanda ke kulawa da shi ya buɗe fure ruwan ɗorawa wanda ya fi shi girma. Masu kaurin ganye suka miƙa dogayen kara, ƙudan zuma suka cika gidan da ƙugi. Kowace tukunya ta yi magana, ban da kariya. Ita sai ƙara yamushewa take yi, fatarta duk ta tattare.

A nan ne ƙarfin halin Auta ya fara rawa. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada itacen nan ya mutu ya tafi da aurenta. Wata la'asar da zafi ya tsananta, Abba yana ɗaki, ta cika buta ta nufi tukunyar. Ta karkata bakin butar ke nan mai famfo ya shigo, ya tare da tafin hannunsa, ruwan ya zuba a hannun rigarsa.

"Ƙayata, a'a."

"Mutuwa take yi! Dube ta. Kaɗan zan zuba, Abba ba zai sani ba."

"Ni zan sani."

"In ta mutu fa? Shi ke nan mu?"

"In ta mutu zan zo in sake durƙusawa, in sake roƙo, har ya gaji da ganina. Amma ba zan shiga gidanku ta bayan idonsa ba. In kina ganin ruwa take so, mu je mu tambaye shi."

"Ba sai kun je ba."

Abba ne a bakin taga, ashe duk yana ji. Ya fito a hankali, ya tsuguna, ya sa farce ya ɗan kankare kan wani reshe. Ƙarƙashin busasshiyar fatar kore ne ɗanye. Ya juya reshen, ga wasu 'yan ƙananan toho kamar ƙwayar shinkafa sun leƙo ta gefen da ke kallon katanga, inda ba wanda ya duba.

Auta ta saki butar ta rufe baki, hawaye suka zubo.

Abba ya ɗauki butar ya miƙa wa mai famfo. "Yanzu take so. Zuba mata, a hankali, ta gefe." Yana kallon ruwan yana nutsewa cikin yashi ya ƙara da cewa, "Ko da ta mutu, abin da nake jira na ji shi yau. Ka turo manyanka."

Don murna mai famfo ya karkata butar da yawa har ruwa ya fantsama a ƙafar Abba, karo na farko tun dawowarsa tsohon ya yi dariya.

Kafin ranar aure kariya ta buɗe. Furanni ruwan hoda masu fari a tsakiya suka rufe rassan tun ganye bai gama fitowa ba, maƙwabta suna shigowa kallo. Aka ɗaura aure cikin 'yan'uwa da abokan arziki, har mai shagon wayoyi ya zo ya yi murna.

Da za a tafi da amarya, Abba ya kira su biyun tsakar gida. Bai tsaya doguwar nasiha ba. Sai ya kama hannun Auta ya ɗora a na mijinta, ya riƙe su tare.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Umma da 'yan rakiya suka amsa da amin. Auta ta rungume mahaifinta tana kuka, shi kuma ya yi ta buga bayanta yana cewa ta tafi, ta tafi mana, amma bai sake ta ba.